Tarihin Alexander Graham Bell, Malamin Kurame Da Ya Ƙago Wayar Tarho

Duk mai fataucin shanu da ya taso daga kasuwar Potiskum zuwa Legas ko Ibadan ya san darajar waya, domin da ita yake jin lafiyar iyali da farashin kasuwa. Amma ba kowa ya san cewa wanda ya ƙago ta malamin kurame ne ba, kuma mahaifiyarsa da matarsa duk ba sa ji.

An haifi Alexander Graham Bell ran 3 ga watan Maris, 1847, a birnin Edinbara na ƙasar Sikotilan. Mahaifinsa da kakansa duk malaman koyar da lafazi ne. Tun yana yaro jin mahaifiyarsa Eliza ya fara raguwa, sai ya riƙa kara bakinsa kusa da goshinta yana yin magana, ita kuwa tana fahimta ta hanyar girgizar muryar. Daga nan ya soma tunanin yadda sauti yake tafiya.

Bayan tarin fuka ya kashe 'yan'uwansa maza biyu, iyayensa suka ƙaura da shi Kanada a 1870. Shekara ɗaya bayan haka ya tafi Boston ta ƙasar Amurka, ya kama koyarwa a makarantar kurame. Cikin ɗalibansa akwai Mabel Hubbard, wadda wani zazzaɓi mai tsanani ya kurmantar tun tana 'yar shekara biyar. Mahaifinta da mahaifin wani yaro kurma su ne suka zuba kuɗi a binciken da Bell yake yi da dare bayan ya tashi daga aiki.

Ran 7 ga Maris, 1876, gwamnatin Amurka ta ba shi takardar mallakar fasahar tarho. Kwana uku bayan haka muryarsa ta bi waya ta isa ga mataimakinsa Thomas Watson a wani ɗaki dabam. Watson ɗin ne daga bisani ya haɗa ƙararrawar da ke sanar da shigowar kira. A 1877 Bell ya auri Mabel, watau matar da ba ta iya jin ƙararrawar, balle muryar da ke cikin wayar.

Bell bai rabu da sha'anin kurame ba har ƙarshen ransa, ya kuwa kashe dukiya mai yawa a kansu. Sai dai yana da nasa kuskuren. Ya dage a kan a koya musu magana da baki da karanta leɓe, ya ƙi jinin maganar hannu a makarantu, har a 1883 ya gabatar da takarda yana nuna tsoron auratayya tsakanin kurame. Har yau kurame da yawa ba su yafe masa wannan ba.

Ya mutu ran 2 ga Agusta, 1922, a gidansa da ke Nova Scotia a Kanada. Ranar da aka binne shi an tsayar da wayoyin Amurka da Kanada na minti ɗaya don girmama shi.

Kurame kuwa sun daɗe suna jira. Sai a 1964 wani masanin kimiyya kurma, Robert Weitbrecht, ya haɗa na'urar da ke aika rubutu ta layin tarho. Aka kuma sami fitila mai walƙiya idan kira ya shigo, da 'yar na'ura marar igiya da ake ɗaurawa a hannu ko a sa ƙarƙashin matashi, ta yi girgiza. Da wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a 2001, girgiza da saƙon rubutu suka zo a aljihun kowa, kiran bidiyo kuma ya ba maganar hannu hanyar bin waya.

Wannan ya shafi Arewa ƙwarai, inda sanƙarau, musamman annobar 1996, ya bar yara da dama ba sa ji. Wanda ya baro kurma a gida Potiskum, ya tabbatar an kunna masa girgiza da walƙiyar wayarsa, a kuma sa shi makaranta ya iya karatu, domin saƙon da aka aiko daga kurmi ya isa hannunsa ba sai ta bakin wani ba.