Kyaftin Alden Partridge, Mai Horar da Sojan Gari

An haifi Alden Partridge ran 12 ga Fabrairu 1785 a Norwich, wani ƙaramin gari a bakin kogin Connecticut, cikin Jihar Vermont ta ƙasar Amurka. Mahaifinsa manomi ne wanda ya ɗauki bindiga a yaƙin neman 'yancin ƙasar daga hannun Ingila. Yaron ya yi karatu a Kwalejin Dartmouth da ke tsallaken kogin, sa'an nan ya shiga makarantar soja ta West Point, ya gama a 1806. Nan aka riƙe shi yana koyar da lissafi da aikin injiniya, har ragamar makarantar ta zo hannunsa.

Amma fa mutum ne mai kafiya, wanda ba ya son a ja da shi. Malamai suka yi ta kai ƙararsa. A 1817 Shugaba Monroe ya aiko Sylvanus Thayer ya gaje shi. Partridge ya tafi hutu, ya komo ya karɓe shugabancin da ƙarfin tsiya. Kotun soja ta same shi da laifin ƙin bin umurni, ta yanke hukuncin korarsa, Shugaban Ƙasa ya sassauta, shi kuwa ya ajiye aiki a 1818.

A zamanin nan doka ta 1792 ta wajabta wa fararen fata maza, daga mai shekara 18 zuwa 45, su shiga rundunar garinsu da makamansu. A Vermont akan taru a watan Yuni don fareti. Sai dai taron ya lalace, ya zama ranar biki da shaye-shaye, hafsoshin ma manoma ne da 'yan tireda waɗanda ba wanda ya taɓa koya musu aikin. Wannan shi ya dami Partridge. A ganinsa, ƙasar da ta bar makami a hannun 'yan tsirarun hafsoshi masu cin albashi, waɗanda suka ware daga jama'a, tana wasa da 'yancinta. Maganin kuwa a ilmantar da farar hula yadda za su iya jan ragamar rundunar gari in yaƙi ya taso, in an gama su koma sana'arsu.

Don haka ya kafa makaranta a mahaifarsa a 1819, ta fara ɗaukar 'yan kadet a 1820. Suna sa kaki, suna fareti da gadi, amma ban da dabarun yaƙi ana koya musu aikin safiyo, da noma, da harsunan zamani, abin da manyan kwalejoji masu ji da Latin da Girkanci ba su kula da shi ba. Ya yi imani da tafiyar ƙasa ƙwarai. Yakan ja ɗalibai su yi kwanaki suna tafe, suna hawan duwatsu suna auna tsawonsu da ma'aunin nauyin iska.

A 1825 makarantar ta ƙaura zuwa Middletown, Jihar Connecticut, ta komo gida a 1829. A 1834 Vermont ta ba ta izini ta zama Jami'ar Norwich. Cikin waɗanda suka yi karatu a hannunsa har da Gideon Welles, wanda ya riƙe ma'aikatar sojan ruwa a gwamnatin Lincoln.

Halin nan nasa bai bar shi ba. Ya saɓa da hukumar jami'ar, ya sauka a 1843. Sauran makarantun da ya buɗe a Virginia, da Pennsylvania, da Delaware ba su yi ƙarko ba, kuma kiran da ya yi ta yi na a rufe West Point bai sami shiga ba. Ya rasu a Norwich ran 17 ga Janairu 1854.

Gobara ta ci ginin jami'ar a 1866, aka mai da ita garin Northfield, inda take har yau. A 1916 Majalisar Dokokin Amurka ta kafa shirin horar da hafsoshin ko-ta-kwana a jami'o'in farar hula, kuma Jami'ar Norwich ce ake ɗauka tushensa.