Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi (1940–2010): Limamin Canji

Gabatarwa

Kafin a ƙirƙiro Jihar Jigawa a ranar 27 ga Agusta, 1991, ƙasar Dutse da Birnin Kudu da Ringim da Haɗeja da Gumel da Kazaure duk suna cikin tsohuwar Jihar Kano ne. Saboda haka, gwamnan farar hula na farko da mutanen wannan yanki suka zaɓa da ƙuri'unsu shi ne Alhaji Muhammadu Abubakar Rimi. Wannan babi zai dubi asalinsa da mulkinsa da zaɓuɓɓukan da ya shiga, domin ɗalibi ya ga yadda ƙuri'ar talaka takan ɗaga mutum, ta kuma sauke shi.

Asalinsa da Karatunsa

An haifi Abubakar Rimi a shekarar 1940 a ƙauyen Rimi da ke ƙasar Sumaila. Bayan karatun farko, ya sami horo a Cibiyar Koyon Sha'anin Mulki ta Zariya, sannan ya koyar a makarantar horar da akawuna da ke Sakkwato. Daga baya ya tafi Ingila, inda ya sami digiri na biyu a fannin hulɗar ƙasa da ƙasa a Jami'ar Sussex. Ya kuma yi aiki a Cibiyar Nazarin Harkokin Ƙasashen Waje da ke Legas. Tun yana matashi ra'ayinsa ya karkata ga aƙidar Malam Aminu Kano ta 'yantar da talaka daga danniya.

Zaɓen 1979

Rimi yana cikin wakilan majalisar da ta tattauna tsarin mulkin Jamhuriya ta Biyu daga 1977 zuwa 1978. Da aka ɗage takunkumin siyasa a 1978, sai ya kasance cikin waɗanda suka kafa jam'iyyar PRP ƙarƙashin jagorancin Malam Aminu Kano, jam'iyyar da alamarta mabuɗi ce, kirarinta kuwa nasara. Tun farko ba shi jam'iyyar ta tsayar takarar gwamna ba. Injiniya Salihi Iliyasu ne. Sai da hukumar zaɓe ta FEDECO ta hana shi tsayawa sannan tuta ta faɗo hannun Rimi. Ya lashe zaɓen da gagarumin rinjaye, aka rantsar da shi ranar 1 ga Oktoba, 1979, yana da shekara 39 a duniya. A wannan zaɓe jihohi biyu PRP ta ci daga cikin 19, wato Kano da Kaduna, inda Alhaji Abdulƙadir Balarabe Musa ya zama gwamna.

Ayyukansa

Abin da aka fi tunawa da shi game da gwamnatinsa shi ne soke haraji da jangali. Matashin yau zai ga kamar ƙaramin abu ne, amma dattawan Limawa da ƙauyukan Dutse sun san lokacin da magidanci kan sayar da hatsin da zai ci da iyalinsa don ya biya kuɗin ƙasa, makiyayi kuma ya riƙa ɓuya da shanunsa a daji don gudun masu ƙirga. Baya ga wannan, gwamnatinsa ta mayar da ranar 1 ga Mayu ranar hutun ma'aikata a 1980, tun kafin Gwamnatin Tarayya ta yi haka. Ta kafa Hukumar Yaƙi da Jahilci, wadda ta sami lambar yabo daga UNESCO, ta kuma kai wutar lantarki garuruwan karkara da dama.

Ga mai nazarin Hausa, akwai wani abu na musamman. A zamaninsa aka kafa kamfanin jaridar Triumph, wanda ya riƙa buga Albishir da Hausar boko da kuma Alfijir da ajami. Wannan ya nuna an yarda cewa wanda ya yi karatun allo ba jahili ba ne, yana da haƙƙin a ba shi labari da rubutun da ya iya. Haka kuma shi ya kafa gidan talabijin na CTV, wanda daga baya aka sa masa sunansa.

Rikici da Sarauta

A 1981 Rimi ya ƙirƙiro sababbin masarautu daga cikin masarautar Kano, ciki har da Dutse da Gaya da Rano da Ƙaraye. Mutanen Dutse sun ɗauki wannan a matsayin maido da martabar da tarihi ya ba su, wasu kuwa a birnin Kano sun ɗauke shi a matsayin rage ƙarfin gidan Dabo. A watan Yuli na shekarar, gwamnati ta aika wa Sarkin Kano Alhaji Ado Bayero takardar tuhuma. Ranar 10 ga watan tarzoma ta ɓarke, aka ƙona gine-ginen gwamnati, aka kashe mai ba gwamna shawara kan harkokin siyasa, Dakta Bala Muhammad.

Santsi da Taɓo da Zaɓen 1983

Tun 1980 ɓaraka ta kunno kai a PRP, musamman a kan halartar da Rimi da Balarabe Musa suke yi wa taron gwamnoni masu ra'ayin ci gaba tare da na UPN da GNPP, abin da shugabannin jam'iyya ba su amince da shi ba. Aka kira ɓangaren gwamnonin 'yan santsi, waɗanda suka tsaya tare da Malam kuwa 'yan taɓo. Ɗalibi ya lura da yadda siyasa ta ɗauki kalmomi biyu na damina, ɗaya mai zamar da ƙafa, ɗaya mai riƙe ta, ta ba su sabuwar ma'ana.

Da hukumar zaɓe ta amince da ɓangaren Malam, sai Rimi ya koma jam'iyyar NPP ta Dakta Nnamdi Azikiwe. Ya sauka daga mulki a watan Mayu na 1983, mataimakinsa Alhaji Abdu Dawakin Tofa ya ƙarasa wa'adin. Malam Aminu ya riga ya rasu ranar 17 ga Afrilu, juyayin rashinsa bai bar zukatan jama'a ba. A zaɓen Agusta, Alhaji Sabo Bakin Zuwo na PRP ya kayar da Rimi, yana hawa kuma ya soke sababbin masarautun. Dutse ba ta tabbata a matsayin masarauta mai cin gashin kanta ba sai bayan samun Jihar Jigawa.

Bayan Mulki

Bayan juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, kotun soja ta ɗaure Rimi kamar sauran tsofaffin gwamnoni da yawa, aka sake shi a zamanin Janar Babangida. Ya riƙe muƙamin Ministan Sadarwa daga 1993 a gwamnatin Janar Sani Abacha, matakin da ya jawo masa suka. Duk da haka, a 1998 ya shiga cikin 'yan siyasar da suka ƙi yarda da tazarcen Abacha, aka tsare shi tare da abokin tafiyarsa Alhaji Sule Lamido, wanda ya mulki Jigawa daga 2007 zuwa 2015. Yana cikin waɗanda suka kafa PDP, ya kuma nemi ta tsayar da shi takarar shugaban ƙasa a 2003, amma Cif Olusegun Obasanjo ya rinjaye shi. Allah ya yi masa rasuwa a Kano ranar 4 ga Afrilu, 2010, bayan ya yi arba da 'yan fashi a kan hanyarsa ta dawowa daga Bauchi.

Kammalawa

Sau biyu Rimi ya nemi kujerar gwamna: ya ci a 1979, ya faɗi a 1983. Mutanen da ya sauke wa nauyin haraji su ne suka juya masa baya da ya bar jam'iyyar Malam. Har yau masana suna muhawara: shin ya yi gaggawa ne, ko kuwa zamaninsa ne bai shirya wa irin canjin da ya zo da shi ba? Aikin malami shi ne ya ajiye wa ɗalibansa hujjojin kowane ɓangare, ya bar su su auna. Allah ya jiƙansa da rahama.