Abdul Gaffar Khan: Jarumin Da Ya Tunkari Turawa Hannu Biyu

An haifi marigayi Abdul Gaffar Khan ran 6 ga watan Fabrairu, 1890, a ƙauyen Utmanzai kusa da birnin Peshawar, a lokacin da Turawan Ingila ke mulkin ƙasar Indiya. Shi ɗan ƙabilar Pashtun ne, mutanen da suka yi suna wajen riƙon bindiga da ramuwar gayya.

A cikin shekarar 1929 ne ya kafa ƙungiyar Khudai Khidmatgar, watau masu yi wa Allah hidima. Duk wanda zai shiga sai ya yi rantsuwa cewa ba zai ɗaga wa kowa hannu ba, kuma ba zai rama ba ko an cuce shi. Hujjarsa ita ce haƙurin da Manzon Allah (S.A.W.) ya yi da azabar mutanen Makka. Wannan aƙida ce ta haɗa shi da Mahatma Gandhi, wanda shi mabiyin addinin Hindu ne, har suka zama aminan juna.

An gwada rantsuwar nan ran 23 ga watan Afrilu, 1930, sa'ad da aka kama shi. Jama'a suka taru a kasuwar Qissa Khwani ta Peshawar ba makami, soja suka buɗe masu wuta, aka kashe mutane masu yawa, amma suka tsaya ba su watse ba. Wani abin lura shi ne, wasu sojan rundunar Garhwal, waɗanda 'yan Hindu ne, sun ƙi harbin Musulmin nan, abin da ya jawo masu ɗauri mai tsawo.

Marigayin ya yi adawa da raba Indiya gida biyu, har ya bi Gandhi zuwa jihar Bihar a 1947 don kashe wutar rikicin addini. Duk da haka aka raba ƙasar, garinsu ya faɗa cikin Pakistan. Ya yi mubaya'a ga sabuwar ƙasar, amma hukumominta suka yi ta tsare shi shekara da shekaru.

A 1987 Indiya ta ba shi lambar girma ta Bharat Ratna, shi ne baƙo na farko da ya same ta. Ya rasu a Peshawar ran 20 ga watan Janairu, 1988, aka binne shi a Jalalabad ta ƙasar Afghanistan, inda masu yaƙi da juna suka tsagaita wuta domin jana'izarsa. Allah ya jiƙansa, amin.