Labarin Ailired, Uban Gidan Ribo

Mu da mu ke zaune kusa da ganuwar Kano mun saba da ganin kufai. Littafin Tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara ginin ganuwan nan, sarautarsa kuwa ta ƙare a 1134. A cikin wannan shekara, can a arewacin Ingila, wani saurayi mai suna Ailired ya bar gidan sarki, ya shiga wani gida wanda shi ma yau kufai ne.

An haifi Ailired a garin Heksam a 1110, ubansa firist ne. Ya yi girma a fadar Dauda na 1, Sarkin Sikotlan, har sarki ya ɗora shi bisa sha'anin gidansa. Wata rana aka aike shi wurin babban bishop na Yok. A can ya ji labarin waɗansu masu zuhudu, wato mutanen da suka bar aure da dukiya domin addu'a, sun zauna a kwarin kogin Rai shekara 2 ke nan. Barnad na Kilarbo ne ya aiko su daga Faransa. Sunan wurin Ribo. Ailired ya tafi ya duba, ya kwana a gari kusa. Da safe ya kama hanyar gida, amma ya kāsa wucewa. Ya juya, ya ƙwanƙwasa ƙofarsu, bai ƙara komawa aikin fada ba.

Ƙungiyarsu ta soma a Sito a 1098. Rigunansu na ulu ne marar rini, ba su cin nama, su kan tashi tun da tsakad dare su yi sujada, da rana kuwa su yi aiki da hannuwansu. Mu ba mu karɓi zuhudu ba, gama Littafi Mai Tsarki bai hana bawan Allah aure ba. Amma wannan ba ya hana mu duba halin mutumin.

A 1147 aka zaɓe shi shugaban gidan. A nan ne halinsa ya bayyana. Dokar gidajen nan tana da tsanani ƙwarai, waɗansu shugabanni kuwa su kan kori rarrauna ba da jinkiri ba. Ailired ya ƙi. Walta Daniyel, wanda ya zauna a ƙarƙashinsa shekara 17 ya kuma rubuta labarinsa, ya shaida bai taɓa ganin ya kori ko mutum ɗaya ba. Wanda wani gida ya ƙi, Ribo ta karɓe shi. Waɗansu suka zarge shi, wai ya cika sanyin hali. Ni dai ina gani riƙon mai rauni ya fi korarsa wuya nesa, kowane dattijon ekklesiya kuwa ya san haka. Gidan ya cika, har ya kai masu zuhudu 140, da 'yan'uwa ma'aikata 500 masu noma da kiwon tumaki.

Shekarunsa na ƙarshe na ciwo ne, tsakuwar ƙoda da sanyin ƙashi. Aka gina masa ɗan ɗaki kusa da ɗakin marasa lafiya, 'yan'uwa su kan taru su zauna har bisa gadonsa suna taɗi da shi. Ya rubuta littafi a kan abuta cikin Almasihu, ana karanta shi har yanzu. Ya rasu ran 12 ga Janairu, 1167.

Bayansa gidan ya yi ta raguwa, ga bashi, ga annoba. Sa'anda Sarki Hanri na 8 ya rufe shi a 1538, waɗanda suka rage ba su kai 30 ba. Aka kware darmar da aka rufe jinka da ita, aka narkar domin sarki. Bangayen majami'ar suna nan tsaye da tagogi wofi, ciyawa ce daɓensu. Wajen 1920 masu tono suka iske waɗansu curin darman nan a binne da hatimin sarki a jikinsu, aka kai su Yok aka gyara tagar babbar majami'a da su.