Babban Gwani Muhammadu Durugu

Galibin maginan ƙasar Hausa sunansu kan bi su kushewa, amma ban da Muhammadu Durugu. Shi ne ya gina Masallacin Juma'a na birnin Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da tubali da azara ya ta da ginshiƙai, ya ɗaura bakan gizo, ya ƙawata su da zane. Bahaushe in ya shiga ba ya jin baƙunta, domin da irin ƙasar ɗakinsa aka yi ginin.

Masu ruwaya sun ce da ya gina wa Sarkin Birnin Gwari masallaci, sai sarkin ya sa aka kashe shi, don kada ya yi wa wani irinsa. Zuriyarsa suka gaji sarautar magina a Zariya.