Felix Wankel, Mutumin da Ya Ƙera Inji Marar Fistin

Duk wanda ya taɓa tsayawa a tashar motar Ƙauran Namoda ranar Alhamis da sassafe, sa'ad da motocin kasuwar Shinkafi suke lodi, ya san abin da mutanenmu suke nema a wurin mota. Kyanta da gudunta ba su dame su ba. Abin da suke so su sani shi ne ko za ta kai su ta komo da su kafin magariba, balle a wannan zamani da ba wanda yake fatan mota ta mace masa a daji tsakanin Ƙaura da Shinkafi, ko a kan hanyar Zurmi.

Da hutun da ya wuce na yi kwanaki ina taya kawuna aiki a garejinsa, ina miƙa masa sifana ina wanke ƙarafa. Wata rana yana cire fistin daga injin wata a-kori-kura, sai na gaya masa abin da malaminmu na kimiyya ya faɗa mana, cewa akwai injin mota wanda ba shi da fistin ko ɗaya. Kawu ya yi dariya har ya ajiye sifana. Da ya ga da gaske nake, sai ya yi mini tambaya biyu. Ta fari, kilomita nawa injin yake yi kafin a sauke shi a buɗe? Ta biyu, in ya lalace a Zurmi, wa zai gyara shi? Na yi shiru don ba ni da amsa. Da muka komo makaranta na shiga bincike, sai na tarar amsar tana cikin tarihin mutumin da ya ƙago injin. Shi ne nake so in kawo wa 'yan'uwana ɗalibai da iyayenmu.

An haifi Felix Wankel ran 13 ga Agusta, 1902, a garin Lahr, kudu maso yammacin ƙasar Jamus. Ubansa ma'aikacin gandun daji ne, shi kaɗai kuma iyayensa suka haifa. Uban ya mutu a Yaƙin Duniya na Ɗaya, Felix yana yaro, daga baya shi da uwarsa suka koma birnin Heidelberg. Ya bar makaranta a 1921 ba tare da takardar shiga jami'a ba, ga shi kuma idonsa ba ya gani daga nesa. Sai ya kama aiki a wani kamfanin buga littattafai, inda ya zauna har 1926. Amma fa zuciyarsa tana wajen ƙarafa. A 1924 shi da abokansa suka buɗe ɗan ɗakin gwaje-gwaje, suna ƙere-ƙere bayan an tashi aiki. A 1929, shekarar da jirgin ƙasa ya iso Ƙaura, ya sami takardar farko ta mallakar wani inji da ya zana.

To, mene ne ya dame shi da injin da kowa ya sani? Fistin aikinsa kamar na taɓarya ne a turmi. Ya hau, ya tsaya, ya sauko, ya tsaya, sau dubbai a minti ɗaya, sa'an nan wasu ƙarafa su mai da wannan hawa da sauka ya zama juyi. Wankel yana ganin wannan wahala ce da ɓarnar ƙarfi. So yake ya sami inji wanda tun asali juyawa yake yi kamar mazari, babu tsayawa babu karkarwa.

Ba daidai ba ne a ba da tarihin mutum a ɓoye aibinsa. Tun yana saurayi Wankel ya shiga jam'iyyar Nazi ta Hitila. Ya yi rigima da shugaban jam'iyyar na lardinsu, aka kore shi a 1932, a 1933 kuma aka ɗaure shi na 'yan watanni. Duk da haka bai rabu da su ba. Ya koma garin Lindau, inda gwamnatin Hitila ta ba shi kuɗin bincike don injunan jiragen yaƙi, a 1940 ma ya shiga rundunar SS, wadda ta yi ƙaurin suna wajen kisan bayin Allah. Da aka ci Jamus da yaƙi a 1945, sojojin Faransa suka tsare shi na wani lokaci, suka rufe ma'aikatarsa. A waɗannan shekaru ne ya ƙware a fanni guda, watau yadda za a toshe tsakanin ƙarafa biyu masu motsi don kada iska mai zafi ta sulale. Mu riƙe wannan, don za mu komo kansa.

A 1951 ya fara aiki tare da kamfanin NSU, masu ƙera babura da ƙananan motoci a Jamus. Ran 1 ga Fabrairu, 1957, injinsa na farko ya tashi. Yana juyi lafiya lau, sai dai yana da wuyar sha'ani, har in za a canza fulogi sai an kwance injin. Wani injiniyan kamfanin, Hanns Dieter Paschke, ya sauƙaƙa ƙirar. Wankel bai ji daɗin wannan canji ba, amma ƙirar Paschke ce ta shiga motoci, sunan Wankel kuwa ya bi ta.

Ga yadda injin yake. A ɗauki wani gida na ƙarfe wanda cikinsa ya yi kama da ɓawon gyaɗa mai 'ya'ya biyu. A cikinsa akwai ƙarfe mai kusurwa uku, watau alwatika, yana zagayawa, kusurwoyinsa uku kullum suna gogar bango. Saboda haka ya raba cikin gidan ɗaki uku. A lokaci guda ɗaki ɗaya yana zuƙar fetur da iska, ɗaya yana matse su ko ƙona su, ɗaya yana fitar da hayaƙi. Babu fistin, babu bawul. Injin ƙarami ne, ba nauyi, ga ƙarfi, ga rashin karkarwa, shi ya sa masu ƙera ƙananan motocin gudu suka yi sha'awarsa. Manyan kamfanoni irin su Mercedes-Benz da General Motors da Citroën duk sun sayi izinin gwada shi.

Amma a kowace kusurwa ta alwatikar akwai wani siririn ƙarfe, bari mu kira shi harshe. Shi ne yake yin aikin da ringi yake yi a jikin fistin, watau hana iska sulalewa daga wannan ɗaki zuwa wancan. Kaurinsa bai wuce 'yan milimita ba, tsawonsa kuma bai kai na fensir ba. Fistin yana da ringi biyu ko uku, in ɗaya ya yi sanyi saura su taimaka. Harshe kuwa shi kaɗai ne a kusurwarsa, yana gogar bango ba hutawa, yana ratsa wuta yana ratsa sanyi. Ran da ya cinye ko ya karye, injin ya rasa matsi, mota ta ƙi tashi. Ashe tsawon ran injin duka a kan wannan ɗan ƙarfe ya rataya, a daidai fannin da Wankel ya fi kowa ƙwarewa.

NSU ta fara sayar da wata ƙaramar mota mai kujera biyu, Spider, a 1964. A 1967 ta fito da babba mai suna Ro 80, wadda aka zaɓa motar shekara ta Turai a 1968. Murna ba ta daɗe ba. Injunan farko da yawa sun buƙaci gyara babba a wajen kilomita 50,000, wasu ma tun kafin nan, saboda cinyewar harsunan. Kamfanin ya yi ta canza wa mutane inji kyauta har aljihunsa ya girgiza. A 1969 Volkswagen ta karɓe shi ta haɗe shi da wani kamfaninta, wanda a yau muka sani da Audi. Injiniyoyi sun gyara harsunan daga baya, amma suna ya riga ya ɓaci. Aka daina ƙera Ro 80 a 1977, bayan an yi kimanin 37,000 kacal.

Waɗanda suka jure su ne mutanen Japan. Kamfanin da yake ƙera motocin Mazda a birnin Hiroshima ya sayi izini a 1961. Da suka gwada injin, sai suka ga harsunan suna karce bangon gidan suna barin zane-zane. A 1963 aka tara injiniyoyi 47 a ƙarƙashin Kenichi Yamamoto, suka yi shekaru suna gwada abubuwa iri-iri, har suka dace da harshe na gawayin kimiyya gauraye da alminiyam. A 1967 suka fito da Cosmo Sport, a 1978 kuma da RX-7, wadda aka ƙera fiye da 800,000 kafin a daina a 2002. RX-7 ta farko ta wanke sunan injin ƙwarai, don da yawa sun wuce kilomita 150,000 ba a buɗe su ba. Na baya, waɗanda aka sa wa na'urar cusa iska don ƙarin ƙarfi, sun fi gudu amma zafi ya rage musu kwana. A 1991 wata Mazda mai irin wannan inji ta ci tseren Le Mans a Faransa, inda ta yi awa 24 tana gudu, ta ci kusan kilomita 5,000. Ita ce motar Japan ta farko da ta ci wannan tsere.

To, me ya sa injin wani ya daɗe, na wani ya mutu da wuri? Dalilai huɗu na samu. Na ɗaya, da gangan aka yi shi yana shan baƙin mai, don ana ɗiga man a cikin ɗakin wuta ya jiƙa harsunan. Wanda bai duba mai a kai a kai ba, ya kashe injinsa. Na biyu, wuta kullum a gefe guda take ci, gefe ɗaya zafi ɗaya sanyi, saboda haka in ruwan lagireto ya ƙare ko sau ɗaya ne, ƙarafan suna iya lanƙwasa ruwa ya shiga ciki. Na uku, ba ya son gajeriyar tafiya. In ana kashe shi tun bai yi zafi ba, fetur yakan jiƙa fulogi, baƙin toka kuma ya taru ya maƙale harsunan. Na huɗu, ƙura abokiyar gabarsa ce, don in ta wuce matatar iska takan ci bango da harshe tare. Ko RX-8, wadda ta fito a 2003, ba ta tsira ba, har kamfanin ya tsawaita lamunin injinta a Amurka zuwa shekara 8 ko mil 100,000. Shan fetur da yawan hayaƙi suka sa aka daina ta a 2012. A 2023 Mazda ta komo da injin a wata mota mai lantarki, amma aikinsa a nan shi ne cajin batir.

Shi kuwa Wankel ya yi arziki ya yi suna. A 1969 jami'ar fasaha ta birnin Munich ta ba shi digirin girmamawa na dakta, shi da bai taɓa zama ɗalibin jami'a ba. A 1971 aka sayar da haƙƙin injin ga kamfanin Lonrho na Ingila, wanda a lokacin shi ne mai John Holt da kakanninmu suka sani. Ya kafa wata kyauta don masu binciken kare dabbobi daga wahala. Abin mamaki, saboda raunin idonsa bai taɓa samun lasin tuƙi ba, sai dai a tuƙa shi. Ya yi aure amma bai haihu ba. Ya mutu a Heidelberg ran 9 ga Oktoba, 1988, yana da shekara 86.

Yanzu ina da amsar da zan kai wa kawu. Ta fari, injin yana iya mutuwa kafin kilomita 50,000, yana kuma iya ninka wannan sau uku ko fiye, gwargwadon ingancin harshensa da kulawar mai shi. Ta biyu kuwa, kawu ne ya yi gaskiya. Injin fistin, irin na motocin Peugeot da aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, in ya gaji bakanike zai sauke shi a gindin bishiya ya sa sabon ringi, gobe mota ta kama hanyar Jibiya. Na Wankel kuwa in bangonsa ya karce, sai an sayo sabon gida daga ƙasar waje. A ƙasar da take da zafin bazara da ƙurar hunturu irin tamu, direban da yake ɗauke da rayukan mutane ba zai yi caca da shi ba.

Ya ku 'yan'uwana, darasin da na ɗauka shi ne wannan. Wankel ya yi fiye da shekara talatin yana bin tunani ɗaya, ba digiri ba ido mai kyau, wannan abin koyi ne. Ya ba azzalumai basirarsa, wannan abin gudu ne. Injinsa kuma ya nuna mana cewa komai kyan dabara, ɗan ƙaramin abin da aka raina shi ne yake yanke mata kwana, kuma waɗanda suka zauna suka yi haƙuri da wannan ƙaramin abu su ne suka ci amfaninta. In Allah Ya yarda na gama makaranta, ina fatan in karanta aikin injiniya a Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke nan Ƙaura, wadda aka kafa a 1983. Ran da na zana wani abu nawa, kafin in nuna wa kowa zan fara kai wa kawu ya yi mini tambayoyinsa guda biyu. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, amin.