Likita Mila da Majami'ar Ƙasa ta Wusasa

'Yan'uwa, a kwanakin nan ikkilisiyoyinmu na ƙauyukan yammacin Kano suna ta shawarar rushe tsofaffin majami'u na ƙasa domin a gina na bulo da kwano. Kafin mu ɗauki diga, ya kamata mu tuna da wani bawan Allah da kakanninmu suka sani da suna Likita Mila.

An haifi Walter Miller a Ingila a shekarar 1872. Ya koyi aikin likita a asibitin St Bartholomew da ke Landan, sa'an nan ya shiga ƙungiyar mishan ta CMS. Tun bai taka ƙasarmu ba, sai da ya je Tarabulus ya zauna cikin Hausawa fatake da alhazai domin ya koyi harshe daga bakin masu shi.

A shekarar 1900 ya biyo Bishop Tugwell da waɗansu abokan aiki har birnin Kano. Sarki Alu bai yarda su zauna ba, suka juya zuwa Girku a ƙasar Zazzau, inda ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Likita Mila bai fid da zuciya ba. A 1905 ya sami wuri cikin birnin Zariya, ya buɗe ɗakin magani da makaranta. Cikin yaran da suka yi karatu a hannunsa akwai R.A.B. Dikko, wanda ya zama likita na farko ɗan Arewa.

Wajen 1913 waɗansu daga cikin Isawa suka karɓi bishara, aka kafa musu gari a Gimi. Ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa garin, mutane da yawa suka mutu, sauran suka watse. Wannan ya zama babban baƙin ciki gare shi.

A 1929 aka tashi mishan daga cikin birni zuwa ƙauyen Wusasa, a ƙarƙashin jagorancin Rabaran Guy Bullen. A nan aka gina majami'ar St Bartholomew. Magina Hausawa ne suka gina ta da ƙasa, irin ginin da aka saba gani a Zazzau, har wanda ya shiga ba ya jin kamar ya je baƙunta. Ginin ya dace da abin da Likita Mila ya ba da ransa a kai, wato mutum ya yi sujada da harshensa, cikin ɗaki irin na ubansa. Shi kuwa sai ya koma Kano ya duƙufa kan fassara, tare da waɗansu abokan aiki. A 1932 aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Ya rasu a ƙasar Jos a 1952, yana da shekara 80.

Majami'ar nan tana tsaye har yau. A Wusasa ne Janar Yakubu Gowon ya tashi, mahaifinsa yana aikin bishara, daga baya kuma garin ya zama mazaunin bishop.

To, me za mu koya? Ginin ƙasa ba ya faɗuwa don tsufa kawai, sakaci ne ke kashe shi. In an bar indararo ya toshe, ko an daina yaɓe kafin damina, ruwa sai ya shiga, gara ta ci azara. Shafa siminti a kan bangon ƙasa ma ba magani ba ne, gama yakan riƙe laima a ciki, daga baya ya ɓamɓare ya tafi da bango. A Zariya, da aka zo sabunta babban masallacin Juma'a da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina, an kewaye tsohon ɗakin da sabon gini, aka bar bakan gizonsa yadda yake.

Mu ma muna iya yin haka. A sa lantarki, a ƙara tagogi, in jama'a sun yi yawa a gina sabuwa a gefe. Amma dattawan ikkilisiya su fara kiran tsofaffin magina su duba bango da rufi kafin a yanke shawara. Iyayenmu da kansu suka kwaɓa ƙasar nan suka ɗebo ruwa a ka. Ubangiji ya ba mu hikimar riƙon abin da suka bar mana. Amin.